Garin Tagulla

Shekara talatin ina share shi da tsintsiya,
garin tagullar da magagari ke zubarwa
in ina gyaran munduwa a rumfata, bayan kasuwar Tawa.
Ban taɓa ba shi daraja ba.
Kaji ma sun shinshina sun wuce.

Sai Arzika ya zo hutun kwana shida daga arewa,
ya zauna gefen uwar maƙera bai cire takalman soja ba,
ya dangwali sharar da yatsa, ya ɗaga ta ga rana.
Ya ce, Baba, akwai wani ido a sama yanzu,
ba fuska yake nema ba, ba kaki ba,
zafin jiki yake bi.
Dare ba ya rufe masa komai.
Kana kwance cikin sabara, shi yana ganinka
kamar garwashi a tsakiyar toka.

Na ajiye awartaki.
Na ce, to ina mai rai zai kai zafinsa?

Ya yi dariyar nan ta uwarsa, mai fara fitowa ta hanci.
Ya ce an ba su gwangwanaye,
ka jefa, hayaki ya tashi ya tsaya kamar bango.
Ba irin hayaƙin kara ba,
wanda idon ke ratsawa kamar ruwa a rariya.
Wannan, in ji sajansu, da dangin sharar nan a cikinsa,
shi ke sa idon ya dimauce.

Na ce, har tsawon yaushe?
Ya ce, gwargwadon yadda iska ta ga dama.
Abin da zai kai mutum daga mota zuwa kwazazzabo,
in yana da ƙafa.

Ranar Lahadi ya koma.

Na tuna shekarar ƙyanda, yana ɗan wata tara,
jikinsa kamar ƙarfen da na ciro daga wuta,
ni da Tabawa muna jiƙa tsumma har asuba,
muna roƙon Allah ya sauke zafin nan.
Yau ga ni da wata addu'ar:
Ya bar masa shi, kada ya huce,
amma kada a gan shi.

Na daina zubar da sharar.
Ina tara ta a gwangwanin tumatir, ƙarƙashin zugazugi.
Na san babu wanda zai zo ya tambaya,
tasu daga wata ƙasa ake kawo ta, da lamba a jiki.
Duk da haka ya kusa cika.
Jiya Tabawa ta gan shi, ta girgiza,
ta mayar inda yake.