Tartsatsi a Shagon Bappayo

An ɗauke wuta a Bolari,
keke ya yi shiru, ina naɗe sauran yadi.
Na ja shafin nailan daga kan bargon ulu,
sai ƙyas! Shuɗin tartsatsi, bai kai ƙwayar gero ba,
ya cije ni a yatsa.

Na ce a'uzubillahi.
Bappayo ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa.

"Ba aljani ba ne, yaro, bashi ne.
Kaya biyu in sun gogi juna
ɗaya na bayarwa, ɗaya na karɓa.
Gashi da ulu akwai sakin hannu.
Leda da roba kuwa hannun jarirai,
abin da suka damƙa sai ƙarfe ya zo karɓa.
Auduga ba ruwanta,
ba ta ci, ba a ci nata."

'Yarsa Dija ta goga biro a kitsonta,
ta kai kan guntayen takardar awo.
Suka miƙe tsaye,
suka bi shi kamar 'yan tsaki.

"Da damina fa?"
"Laima mai sulhu ce, tana kashe maganar tun ba a ji ba.
Da rani ake riƙo."

Shekara tara ke nan.
Shagon ya koma na sayar da caja.
Jiya na tuɓe rigar sanyi a duhu,
ta yi ƙyas-ƙyas a kunnena,
na tsaya riƙe da ita.
Wa ya san nawa na kwasa a jikin tsohon nan?
Har yau ban taɓa ƙarfen da zai karɓa ba.