Rulma

Kwana uku injin yana kuka,
ba kukan ƙishin mai ba.
Na kafa turnabis a wuyansa, kunnena bisa ƙota,
na ji tsakuwa tana yawo ciki.
Ƙarfen da na sassaƙa jiya
ya fito da zane kamar na sussukar kaza.

Na naɗe matacciyar rulma a tsumma,
sai Katako.

Tankari ya baje hajarsa bisa kwali:
"Wagga jika biyu, dubi ƙyalli!"
Na murza ta da yatsa.
Tana rawa tun ba a buga ganga ba.

Can ƙasan akwati, cikin takarda mai maiƙo,
wasu biyu, lambarsu ta dace da tawa.
"Ba a raba su," in ji shi,
"baya da baya suke kwana,
kamar tsofaffin da suka gaji da faɗa."
Jika goma sha takwas.
Kuɗin hayar wata.

Da magariba na ɗaure su, ba guduma.
Injin ya tashi, shiru kamar kogi.
Na tsayar da dala biyar bisa murfinsa,
ba ta faɗi ba.

Sai aka ɗauke wuta.