Buhu Nawa Zai Ƙara?

Sha ɗayan dare. Titin Ali Akilu ya yi tsit,
sai janareton maƙwabta da ke tari.
Ni kaɗai a hawa na biyu.
Shayi ya huce, allon kwamfuta bai huce ba.

Gobe Alhaji Dogara zai zauna a kan kujerarsa,
ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya yi tambayar da ya saba:
"Barira, wannan abin naki,
buhu nawa zai ƙara mana?"

Shekara ashirin yana fataucin citta,
bai taɓa tambayar sunan manhaja ba.
Na daɗe ina jin haushin haka.

Watan jiya wasu samari suka zo da kwat da jakar goyo,
suka haska bango da zane mai hawa sama,
suka ce ƙirƙirarriyar basira
za ta faɗa mana farashin Disamba tun a Yuni.
Aka tafa, har da ni.
Na ɗura mata duk abin da muka tara,
kafin in ƙifta ido ta gama lissafi,
ta ce sitonmu na Kachia ya cika har yana amai.
Na kira Yashim. Dariya ta hana shi magana.
"Ranki ya daɗe, ɓera ma ya yi ƙaura."

Ba ƙarya ta yi ba.
Abin da aka zuba a tukunya shi ludayi ke kwasowa.
Malam Shekarau mai awo ɗanya yake rubutawa,
akanta busasshiya yake nufi,
direba kuwa buhu buhu ne a wurinsa
ko da rabi ne.
Na'ura ta haɗa su ta tara,
ta miƙo mana mafarki.

Sai na bar ofis na bi hanya.
A ƙauyen da muke awo, sabis na kan dutse ɗaya
bayan makarantar firamare.
Nan Yashim ke hawa da la'asar,
ya ɗaga waya sama, ya juya gabas, ya juya yamma,
awaki na kallonsa.
Saƙon Talata ya iso Kaduna ran Juma'a,
farashi ya riga ya sauya riga sau biyu.
Wata tsohuwa, Kande, ta riƙe mini hannu:
"Ke ce mai kwamfuta?
Ki ce mata kuɗina ya kwana tara."

Da wannan maganar na dawo.

Yanzu na soke shafi goma sha huɗu.
Na rubuta a sama abin da Alhaji ke so da gaske:
citta busasshiya, mai tsabta, ta isa jirgi kan lokaci,
manomi ya ga kuɗinsa kafin ya wanke ƙafa.
Duk abin da bai ɗauki wannan kaya ba, ya sauka daga mota.

Sikeli ɗaya, ma'anar buhu ɗaya,
daga gona har Apapa.
Eriya a rufin sito da farantin sola,
Yashim ya huta da hawan dutse.
Ita kuwa basirar, sai an share mata gida tukuna,
sannan a ba ta aiki ƙarami:
ta dubi hoton saiwa ta ce wannan ta fara ruɓa,
ta ce motar Kwoi ta jira ta Kachia.
In ta iya wannan damina guda
sai mu yi maganar Disamba.

Buhu nawa?
Ban sani ba tukuna, kuma haka zan faɗa.
Amma na san nawa muka yi asara bara
tsakanin littafi da littafi:
ɗari uku da sittin da biyu.
Zan ajiye masa lambar a gabansa
in ja bakina in yi shiru.

Wuta ta dawo. Janareto ya mutu.
Mai gadi yana buga ƙofa a ƙasa,
wai in zo in gyara fakin.