Kwalin da Aka Rubuta wa Funtuwa

Ranar Talata suka zo suka tumɓuke allon
da ke cewa gidan nan na sayarwa ne.
Ramin da sandar ta bari a ciyawa,
har yau ruwan sama ke kwana a ciki.

Na riga na naɗe labule.
Tukwane suna kwali, na rubuta Funtuwa a gefe.
Wasu mata da miji 'yan Poland sun zo sau uku,
matar da tsohon ciki,
ta auna tagar ɗakin sama da tafin hannu
ta ce nan gadon jariri zai zauna.

Sai takarda ta faɗo ta kafar ƙofa.
Ofishin rajistar filaye ya sa wa gidan takunkumi:
ba sayarwa, ba jingina,
sai alƙali ya raba gardama tsakanina da Sagir.

Sagir ɗin da na goya.
Yanzu ta bakin lauya muke gaisawa,
kowace gaisuwa da farashinta.
Ya ce fam dubu goma sha biyun da ya ba ni na kafin alƙalami
hannun jari ne.
Na ce rance ne, na kuma biya,
cikin ambulan, a kicin ɗin nan,
ba mai shaida sai butar shayi
da Inna, wadda ƙasa ta rufe wa ido.

Shekara goma sha tara ina juya tsofaffi
a gadajen asibitin Wolverhampton, dare bayan dare,
saboda jan bulon nan.
Makulli a hannuna, sunana a takarda,
ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Banki dai ba a sa masa takunkumi ba,
ɗaya ga wata yake ɗibar nasa.
Danshi na hawa bangon zaure ba tare da izinin kotu ba.
An sa zama a Maris, aka ɗage zuwa Yuli.

Jiya a tashar bas na hangi matar nan
tana tura keken jariri.
Ta ɗaga mini hannu. Yaron har ya fara zama.

Na dawo, na yanke salatif ɗin kwali ɗaya,
na ciro ƙaramar tukunya na ɗora miyar kuka.
Waya na kan tebur.
Lambarsa tana nan yadda na ajiye ta tun farko:
Autan Inna.