Ai Ganye Ne

Ilu mai tebur ya ce mini ganye ne,
ranar Alhamis, a bakin Kasuwar Dole.
Daga wata bishiya ta can gabas aka tatso shi,
ba tramol ba ne, ba ya kama mutum.
Na ce, ganye ai ɗan'uwan zogale ne.
Na miƙa dala ɗari, ya miƙo ƙwaya biyu
a ƙunshe cikin takardar siminti.

Shekara talatin ina duƙe a kan fata,
bayana ya lanƙwashe kamar lauje.
Ran nan ciwon ya tattara kayansa.
Jaka uku na ɗinka kafin la'asar,
har na tsokani Barira da wasan da ta manta na iya.

Rabi ya koma ɗaya.
Ɗaya ta kira ƴan'uwanta.
Yanzu ba don baya nake sha ba,
ina sha don hanci ya bar zuba,
don ƙafafu su bar shure-shure a kan tabarma,
don in bar rawar ɗari a tsakiyar bazara
lokacin da duwatsun Birni ke gasa ƙadangaru.

Fatun da Alhaji Mutari na Zango ya kawo aiki
suna ƙarƙashin teburin Ilu, jingina.
Basillar mahaifina ma ta bi su.
In na hangi Alhaji, sai in sake lungu.

Da na kai kaina asibiti watan jiya,
likitar ta juya ƙwayar a tafinta, ta dube ni.
Baba, ta ce, zaƙami ma ai ganye ne.
Kwana biyu na yi, a na uku na tsere.

Jiya Zuwaira ta kawo takalminta na lakwal,
igiya ta tsinke.
Ni baduku ɗan baduku,
sau tara ina nufar kafar allura, hannu na ƙi.
Ta karɓa, ta lashi zaren, ta zura mini.
Ba ta ce komai ba.
Shekararta takwas.

Yau ma Alhamis.
Jika guda a aljihuna, ta geron Barira ce,
sau biyu ta ƙirga kafin ta ba ni.
Masu awon gero suna can ƙarshen layi,
teburin Ilu kuwa a farkonsa.
Ya riga ya gan ni.
Yana yagar takardar siminti.