Ɗigo Bakwai

Matata Ige kifi take sayarwa a kasuwar Yawuri,
tarwaɗa da ƙarfasa, giwan ruwa in Sarkawa sun yi sa'a.
In ta taso da la'asar, ƙarni ne a gaba, tana biye.
Ya riga ta shiga ɗaki, ya haye gado,
bai bar zane ba, bai bar gashi.

Sai ta kama sayen ruwan nan na farar jarka,
mai cin launin atamfa, mai sa ido hawaye.
Ta wanke daro, ta wanke katako, ta wanke daɓe,
tafinta ya dare kamar fadama a bazara.
Hannun da na aura da taushi ya koma kaushi.

Wannan duk da sauƙi.
Sahabi ne, autanmu, ɗan shekara huɗu.
Duk ranar da aka goge ɗaki, ƙirjinsa ya dinga busa
kamar ya haɗiye usur.
Mu kwana zaune, ni da ita,
muna ƙirga masa numfashi.

Ni gyaran firji na iya, ban san magani ba.
Abin da na sani, ɓawon lemo na cire baƙin mai a yatsuna,
kuma tururi in ya ji sanyi hawaye yake yi.
Na ɗauko tukunyar da aka yi tuwon sunan yaron,
na huda murfi, na zura bututun jan ƙarfe,
na bi da shi ta cikin randa,
na liƙe baki da ƙullu, na hura garwashi.

Hakilu mai lemo a tasha ya cika mini buhu da ɓawo.
"Mi za ka yi da shara, Manu? Awaki ka samu?"
Na saɓa, na bar shi yana dariya har da nishi.

Daren farko ya ƙone.
Na biyu ruwa ne zalla, mai ɗaci.
A na uku, wajen kiran assalatu,
wani abu ya taso saman ruwan, siriri kamar farce,
na tsame shi da sirinji zuwa kwalbar allura.
Ige ta ɗaga ta a hasken tocila:
"Wanga ɗan abu? Gawayin da ka ƙone ya hi shi tsada."
Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Duk da haka ta gwada.
Ɗigo bakwai a bokiti, da sabulun salo,
da ruwan kanumfari da ta jiƙa tun jiya,
toka kuma ga gindin tukwane, kamar yadda Inna ke yi.
Na dawo daga shago na tsaya a zaure,
na ɗauka gidan wani na faɗa,
har na juya zan tashi.

Kada in yi muku ƙarya.
Ƙudaje sun ragu, ba su ƙaura ba.
Bayan gida har yau farar jarka ce maganinsa,
sai ran da Sahabi ya je wajen kakarsa ake zubawa.
Kyanwarmu ta yi yaji, ta koma kan katanga.
Hakilu ya sa wa shara kuɗi, ɗari biyar buhu.
Tumba ta makwabta kuwa kullum ga ta da murfin kwalba,
ɗigo uku take so, kuma bashi.

Jiya da dare na farka saboda shirun ya yi yawa.
Na kara kunne a ƙirjin yaron: iska na shiga, tana fita,
ba usur, ba komai.
Ige ta juya cikin barci, hannunta ya faɗo kan nawa,
tsagar ta soma haɗewa.
Can bayan kunnenta akwai sauran ƙarnin kogi
da ɗigo bakwai bai kai ba.
Ban gaya mata ba. A bar mini wannan,
da shi muke ci mu ƙoshi.