Mai Tantance Iri

Shekara ashirin da biyu ina tantance iri a Samaru.
Zuba mini gero da maiwa a tafi ɗaya,
in nuna maka wanda zai kai kafin ruwa ya ɗauke
da wanda sai ya sha raɓar kaka.

Yau ga ni a Shika, kan benci,
takalman Rumasa'u a cinyata,
na roba, ruwan ɗorawa, ɗaya ya tsinke.

Ran Talata aka ɗebi ɓargonta.
Ta yi kuka, ta ciji hannun nas,
da ta huce ta ce a sayo mata awara.

Dakta Rifkatu ta ce sankarar jini ce,
suna ɗaya, amma kowacce da gidansu.
"A madubi duk fuskarsu guda.
Sai mun kasa kunne ga ƙwayoyin halitta:
wacce ke magana, wacce ta yi gum,
wacce ke ihu kamar ɗan kamasho a Kwangila.
A nan za mu san ko mai jin magani ce
ko mai laɓewa ta dawo baɗi.
Kada mu ɗora wa yarinya abin da ya fi ciwonta,
kada kuma mu rage mudu."

Na ce, ashe sana'armu ɗaya.
Ta yi murmushi, ba ta amsa ba.

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba.
Ta tafi nesa cikin ƙanƙara,
babur ɗina ya bi ta,
sannan 'yan kunnen uwarta.
Sati uku muna kwana da kunne ɗaya.

Takardar ta zo da ɗigo-ɗigo, ja da kore.
Rumasa'u ta leƙo, ta ce,
"Baba, atamfa ce?"
Likita ta aza yatsa kan layi guda:
"Irin wannan, cikin yara ɗari,
tamanin da biyar kan tashi."

Na san wannan lissafi.
Nakan shimfiɗa ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen buhu,
in dawo bayan kwana bakwai in ƙirga tsiro,
in rubuta: iri mai kyau.
Sha biyar ɗin nan, a shara nake karkaɗe su.
Ban taɓa duban fuskarsu ba.

Uwarta ta ce alhamdu lillahi, sau uku.
Ni ma na ce, a hankali.

Gobe zan ratsa Tudun Wada
in ba da takalmin a ɗinke.